Kyanwata tana ci kamar za ta haɗiye kwano, amma kullum ramewa take yi

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, ina zaune da iyayena a Zariya. Mako 2 da suka wuce na tsinci wata 'yar kyanwa a bayan wani shago tana ta kuka, ba uwa ba 'yan uwa. Ranar Lahadi ce, sai na sa mata suna Ladi. Ina dama mata madarar gari, in ba ta tuwo da miya idan mun ci, wani lokacin kan kifi. Abin da ya dame ni, tana ci kamar ba ta taɓa ganin abinci ba, har gurnani take yi idan na matso kusa da kwanon, wani sa'in ta gama ta amayar. Cikinta ya yi tulu, amma ƙashin bayanta duk a waje. Yau kwana 4 tana zawo. Na kama ta tana lasar bango tana cin ƙasa, da dare kuma sai ta kama bakin zanena ta yi ta tsotsa. Umma ta ce su da tuwo da nono suka reni kyanwoyinsu, in daina sangarta ta. Yayana ya ce in ɓalla mata rabin Panadol. Baba kuwa ya ce in dai ba ta daina ɓata ɗaki ba a fitar da ita, saboda ƙannena ƙanana ne. Kuɗin hannuna ba yawa. Ina tsoron kada ta mutu a hannuna, har gani nake laifina ne. Yaya zan yi?

Daga wata ɗaliba, Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Tun ba mu yi nisa ba, ga wadda ta fi gaggawa: kada ki ba Ladi Panadol, ko rabi, ko kwata, ko ɓarɓashinsa. Hantar ɗan Adam tana iya sarrafa farasitamol ta fitar da shi daga jiki, amma hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke wannan aiki, sai maganin ya zame mata guba, ya lalata jininta har ya kasa ɗaukar iskar da take shaƙa. Na taɓa gani da idona. Wata maƙwabciyata ta shigo mini da sassafe da kyanwarta a cikin kwali, fuskar ta kumbura, tafin ƙafafun ma haka, numfashi sama-sama. Da na ɗaga leɓenta sai na ga dasashin ya koma launin goron da aka tauna aka bari ya sha iska. Kwatan ƙwaya ɗaya matar ta ba ta da dare, don ta ji jikinta da zafi. Kyanwar ba ta kai la'asar ba, matar kuwa ta yini tana kuka, don da niyyar taimako ta yi. Yayanki ma niyyarsa ke nan. Ki gode masa, ki faɗa masa dalili, sannan ki kafa doka ɗaya a gidan: duk maganin da aka saya don mutum, ba ya shiga bakin Ladi sai da umarnin likitan dabbobi.

Batun laifi kuwa, ki cire shi daga ranki. 'Yar kyanwar da ta rabu da uwa a wannan ƙanƙanta ba ta cika yin kwanaki a waje ba, ko yunwa ta gama da ita, ko sanyi, ko kare. Ke kika sa ta kai yau. Abin da kika ba ta shi ne abin da kika ga ana bayarwa a gidajenmu, kuma har yanzu da sauran lokacin gyara, tunda tana ci da kanta.

Ki fara da sanin makonninta, don komai a kansu zai rataya. Ɗan kyanwa yana buɗe ido tsakanin kwana 7 zuwa 14, haƙoransa na farko su fara tsirowa daga mako 2 zuwa 3, ya fara lasar abinci a mako 4, uwa kuma ta gama yaye shi wajen mako 8. Duk ana haifarsu da ido shuɗi-shuɗi, sai wajen mako 6 zuwa 7 launin ya fara juyawa. Ana haifarsu da nauyin kusan giram 100, kuma mai lafiya yana ƙara kusan giram 100 duk mako, ya doshi kilo 1 a wata 2. Daga yadda kika kwatanta ta, ina kyautata zaton Ladi ba ta kai yaye ba aka raba ta da uwarta. Ki nemi sikelin auna fulawa, ko ki roƙi mai shagon unguwarku, ki saka ta a roba ki auna ta, ki rubuta a littafi, ki maimaita bayan kwana 2 ko 3. Ido yana yaudara, musamman ga dabba mai babban ciki, sikeli ne zai gaya miki ko tana gaba ko tana baya.

Cikin abubuwan da kika lissafa akwai biyu da ba su tayar mini da hankali ba. Gurnanin da take yi a bakin kwano na wadda ta ɗanɗani yunwa ne, ba ta riga ta yarda cewa anjima ma akwai abinci ba. Kada ki dake ta, kada ki janye kwanon don ki koya mata hankali, wannan ƙara tabbatar mata da tsoronta zai yi. Ki ajiye mata a lungu ɗaya, a lokuta sanannu, ki hana yara tsayawa a kanta. Yawanci cikin 'yan makonni sai ki nemi gurnanin ki rasa. Tsotsar zanen kuwa kewar nonon uwa ce, kuma sananniyar ɗabi'a ce ga waɗanda aka yaye da wuri. Ki lura, za ki ga tana tsotsa tana murza zanen da ƙafafun gaba, ɗaya bayan ɗaya, yadda take murza cikin uwarta don nono ya sauko. Ki ware mata tsohon tawul mai kauri wanda ba ya zare, ki bar ta da shi. Abin tsoro a nan guda ne, haɗiye zare. Ki kawar da zaren ɗinki, da ulu, da robar ɗaure kitso daga inda za ta kai. In kuwa wata rana kika ga zare ya leƙo daga bakinta ko duburarta, kada ki ja, yana iya yanka hanji. Sai asibiti.

Sauran ukun, wato zawo da tulun ciki da cin ƙasa, su ne ba za a bari su kwana da yawa ba.

Babban ciki a kan ramammen jiki, ga ci ba ƙoshi, abin da ya fi jawo shi a wannan ƙuruciya tsutsar ciki ce. Akwai wata doguwar farar tsutsa mai kama da silin taliya, wadda 'ya'yan kyanwa ke ɗauka tun a nonon uwa, shi ya sa likitocin dabbobi ke ɗaukar cewa kusan duk wanda aka tsinta a waje yana da ita, ko an gani ko ba a gani ba. Ladi tana ci, tsutsa tana rabawa da ita. Maganinta yana cikin mafi araha a asibitin dabbobi, amma gwargwadon nauyi ake auna shi, kuma sau ɗaya ba ya wadatarwa, domin yana kashe manyan da ke cikin hanji ne, ƙananan da ke tafe su biyo baya. Ana maimaitawa duk mako 2 har ta kai wata 2, daga nan duk wata har ta cika wata 6. Kada ki sayi na awaki ko na kaji a kasuwa ki ƙiyasta da ido. Jikin da bai kai kilo 1 ba, ɗigo kaɗan ne tsakanin magani da halaka.

Cin ƙasa da lasar bango sun sa ina zargin ƙarancin jini, kuma wannan za ki iya dubawa da kanki a daren nan. Ki ɗora ta a cinya, ki ɗaga leɓenta na sama a gaban fitila. Dasashin mai lafiya launin ruwan hoda ne, da damshi. In kin ga ya ɗashe ya yi fari, jininta ya ja baya. Daga nan ki tsayar da ita a kan farin tsumma mai ɗan jiƙa, ki taje ta da mataji mai ƙananan haƙora, musamman wuya da gindin wutsiya. Idan baƙaƙen ɗigo kamar garin masoro suka zubo, suka narke suka yi ja a kan tsumman, to kashin ƙuma ne, jan kuma jinin Ladi ne da suka sha. Ƙuma na iya shanye jinin ɗan kyanwa har ya mutu, ban da wata tsutsar da take sa musu, wadda ake ganin gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiya. Ki yi mata wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, da rana tsaka, ki tsince ƙumar da hannu, ki goge ta har ta bushe sarai, don sanyi yana saurin kama su. Shimfiɗarta a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Za a samu mai ce miki ki shafa mata kalanzir, ko fiya-fiya, ko maganin kaskar karnuka. Ko ɗaya kada ki yarda. Kyanwa tana lashe duk abin da ya taɓa gashinta, kuma da yawa daga magungunan karnuka suna da sinadarin famatirin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya.

Madara kuwa, daga yau ki tsayar. Na san wannan ita ce za ta fi wuyar shiga kunnen mutanen gida, domin kowa ya tashi ya ga ana zuba wa kyanwa nono, ita ma tana lashewa da marmari. Sai dai sukarin da ke cikin nonon saniya yana fin ƙarfin hanjin yawancinsu, ya wuce bai narke ba, ya ja ruwa, ya fito a zawo. Ta gari ce, ta gwangwani ce, duk ɗaya. Tunda Ladi tana iya tauna, ba ta da sauran buƙatar madara, ruwa mai tsabta a wani kwano daban ya ishe ta. Mai yiwuwa wannan kaɗai ya rage zawon cikin kwana 1 ko 2.

Yanzu maganar Umma, wadda nake so ki saurara da kyau, domin ba ƙarya ta faɗa ba. Ta ga kyanwoyi sun rayu a gidan da ba abin da ake zuba musu sai tuwo da nono. Abin da ido bai cika kamawa ba shi ne, waɗancan manya ne masu farauta, da dare suna bin rumbu da ɗakin ajiya, su ci ɓera, su ci ƙadangare da fara da tsuntsu. Tuwon lasa ne kawai, ainihin cimarsu tana can a bayan rumbu. 'Ya'yansu kuma sai sun sha nonon uwa wata 2 cur, ta rinƙa kawo musu abin da ta kamo. Ladi ba ta da uwa, ba ta iya farauta ba, abin da kika zuba mata shi ne duk abin da za ta samu. Allah Ya halicci kyanwa maciyar nama zalla, har harshenta ba ya jin zaƙi. Akwai wani sinadari da ake kira taurin, wanda jikinta ba ya haɗa isasshe, dole sai daga nama, kuma rashinsa na tsawon lokaci yana jawo makanta da ciwon zuciya. Miyarmu kuma tana da albasa da tafarnuwa, su biyun suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ɗanye ne ko dafaffe. Ga wadda muke zargin jininta ya yi ƙasa, kin ga ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Kada ki je wa Umma da sigar gyara. Ki tambaye ta ko kyanwoyin gidansu suna kama ɓera, ki bari ta ba ki labarinsu, ita da kanta za ta iso inda muka iso. Sannan ki nemi taimakonta, don za ki buƙace shi: Ladi tana son ci sau 4 zuwa 5 a rana, ke kuma kina makaranta. In kin shirya na rana kin rufe, wani ne zai zuba mata. Uwar da ta yi reno ta fi kowa sanin cewa ba a ba jariri abincin manya.

Mafi sauƙi, idan hali ya yi, shi ne abincin kyanwa na kanti wanda aka rubuta cewa na ƙanana ne, domin an riga an daidaita komai a ciki. In busasshe ne ki jiƙa shi da ruwan ɗumi. Na karnuka ba ya maye gurbinsa. Idan kuɗin bai kai ba, abin da ke kicin ɗinku zai riƙe ta. Ranar da aka yanka kaza ko aka sayo nama, ki ɗebi kaɗan tun kafin a sa gishiri da magi da albasa, ki dafa shi daban da ruwa zalla. Cinyar kaza, da zuciya, da ƙundu sun fi dacewa, kuma mai kaji yakan sayar da kayan ciki da araha. Ki yayyanka ƙanana, ki haɗa da romon, kada ki zubar da shi, don taurin ɗin yana fita cikin ruwan dahuwa. Dafaffen ƙwai yana da kyau, haka dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya tsaf, jefi-jefi. Hanta kaɗan, sau 1 ko 2 a mako, yawanta yana cutar da ƙashi. Dafaffen ƙashin kaza da kan kifi ki bar su, suna tsagewa su maƙale. Wani abu da masu dafa wa kyanwa a gida kan manta: tsokar nama kaɗai ba ta da sinadarin gina ƙashi, mai farauta a ƙashin ɓera take samunsa. Ɗan kyanwar da aka rena da tsoka zalla, ƙafafunsa kan lanƙwashe, ƙashinsa ya rinƙa karyewa da ɗan tsalle. Ki tafasa ɓawon ƙwai, ki shanya, ki daka shi luƙui kamar hoda, ki zuba kimanin rabin ƙaramin cokali ga rabin kilo na nama. Ki nuna wa likita wannan tsarin ya gyara miki in da gyara.

Aman da take yi bayan ci, yawanci sauri ne ke kawo shi. Tumbinta bai wuce girman goro ba. Ki rinƙa ba ta cokali 1 zuwa 2 a lokaci guda, ki baza shi a faranti mai faɗi yadda dole sai ta bi shi lasa-lasa. Kuma kada ki hana ta abinci da sunan hanjinta ya huta, ƙanana ba sa jure yunwa, sukarin jininsu yana faɗuwa da sauri.

Duk wannan ba ya ɗauke miki zuwa asibiti, kuma ina so ki je gobe ko jibi, kada ya wuce haka. Zawon kwana 4 a ɗan wannan jiki ya isa dalili. Kin yi sa'ar gari, domin Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru, ga kuma asibitocin dabbobi na gwamnati. Ki saka ta a kwali mai huda da tsumma, ki ƙulla ɗan kashinta na ranar a leda ki tafi da shi don a duba, ki riƙe littafin nauyinta. Ki faɗa wa likita gaskiyar abin da ke hannunki tun farko, ki ce a fara da mafi muhimmanci. Ki tambayi rigakafi: akwai wata cuta mai saurin kisa da ke kama hanjin 'ya'yan kyanwa ta rushe garkuwar jikinsu, ana fara allurarta tsakanin mako 6 zuwa 9, a maimaita duk mako 3 ko 4 har wajen mako 16. Ta haukan kare kuma daga mako 12. Ba a yin rigakafi sai ta murmure, saboda haka kina da lokacin tara kuɗin.

Akwai kuma halin da ba a jiran gobe. Idan wannan mai haɗamar ta ƙi abinci har tsawon yini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko kika ga jini a zawon, ko dasashinta ya yi fari fat, ko ta yi laushi jikinta ya yi sanyi, a take za ki tafi. In ta yi laushi, ki shafa mata ɗan zuma ko ruwan sukari a dasashi da yatsa, ki sa ta cikin rigarki ta ji ɗumin jikinki a hanya. Kada ki ɗura mata ruwa ko abinci alhali ba ta iya haɗiya, zai wuce huhu.

Baba yana da hujja, kada ki raina ta. Ƙwan tsutsar da muka ambata yana iya shiga cikin yaro mai wasa da ƙasa yana kai hannu baki, kuma kyanwar waje kan zo da makero. Amsar da za ki ba shi aiki ce da zai gani. Ki samu roba mai faɗi marar zurfi, ki zuba yashi, ki ajiye nesa da kwanon abincinta, ki ɗora ta a kai duk bayan ci da tashi daga barci. Tono da binnewa ɗabi'arsu ce, da wuya ta ɗauki kwanaki ba ta gane ba, kuma ɓata ɗakin da take yi yanzu zawo ne ya fi ƙarfinta. Ki kwashe kashin kullum, domin ƙwan tsutsar sai ya yi makonni a ƙasa kafin ya iya kama mutum, wanda aka kwashe a ranar bai samu wannan damar ba. Yara su wanke hannu da sabulu in sun taɓa ta, kada ta kwana a shimfiɗarsu tukuna, kuma in da mai juna biyu a gidan, kwasar kashin ba aikinta ba ne. In ta ciji wani ko ta yaƙushe shi har fata ta fashe, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a je asibiti, tunda ba a san inda ta fito ba. Ki same shi lokacin da ya natsu, ki zayyana masa wannan, ki roƙi mako 2. Baba ya fi ni sanin matsayin kyanwa a addini, ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ya san inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa. Ba sai kin yi masa wa'azi ba, ki bar tsabtar ɗakin ta yi magana. Ban cire rai ba ma cewa shi zai cika miki kuɗin asibitin.

Idan kuma bayan duk wannan ya tsaya a kan bakansa, gidansa ne, ki yi biyayya, amma ki nemi alfarmar a bar ta har ta warke, ki samo mata gida da kanki. Masu shagon hatsi da masu kiwon kaji suna neman kyanwa saboda ɓera, cikin ƙawayenki ma ba za a rasa ba. Ki ba da ita tare da bayanin abincinta da ranar maganinta na gaba. Abin da ba zan so ba shi ne a kai ta bola ko kasuwa a ajiye, don a wannan halin ba za ta kai ko'ina ba.

Ki sake rubuto mini bayan kun dawo daga asibiti, ki faɗa mini abin da likita ya gani, da abin da sikeli ya nuna. Allah Ya ba Ladi lafiya, Ya saka miki da alheri.